Taswirar Babana

Abu biyu babana ya bar mini:
babur mai tarin asuba kamar tsohon mashayin taba,
da taswirar da ninki ya cinye har ta yi laushin tsumma.
Daga Osh, ta kan duwatsu, a zago ta Samarkand a dawo gida,
layi ɗaya ne ja, da biro ya ja shi,
babu inda ya ɗaga hannu.

Ni kuwa sau uku aka tsayar da ni.

Shingen farko yana can inda numfashi ke ƙaranci.
Soja, yaro ne, gemunsa bai gama shawarar fitowa ba,
ya durƙusa a ƙanƙara yana neman lambar inji.
Tsatsa ta ci uku daga ciki.
Ya ce, "Aizirek, a wace ƙasa aka haifi wannan?"
Na ce, "A wadda ba ta nan yanzu.
Ya girmi tutarka, ya girmi tawa."
Bai yi dariya ba. Ya hura hatimi da bakinsa
don tawadar ta daskare,
sannan ya buga.

Tsakanin ƙofarmu da tasu akwai tafiya mai nisa
wadda ba ta kowa ba.
Nan na kashe inji.
Na fita daga wani littafi, ban shiga wani ba.
Wani sa mai gashi har ƙasa ya ratsa gabana
yana tuƙa, ba fasfo, ba gaggawa.

Kwana biyu kogi na hagu da ni.
A hayi, a ƙasar da ban da izinin taka,
wata mata tana shanya wanki.
Ta ɗaga mini hannu da jiƙaƙƙiyar riga.
Na danna ham sau biyu.
Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

A Horog, Davlatsho ya makance.
Tun ina kwanar unguwa ya miƙe da sanda:
"Temirbek ne! Har yau bai gyara salansar nan ba!"
Na cire hular kwano.
Ya shafa fuskata, ya shafa tanki,
ya gane. Bai tambaya ba.
Ya ce a dafa shayi, a zuba gishiri da man shanu.

Shinge na biyu, rana ta take.
Suka zazzage jakata a kan tebur:
sifana, fulogi biyu, safa mai huda,
da ƙullin busasshen tuffa da tsohon ya ba ni.
Mai kaki ya ce wannan ba zai wuce ba.
To, abin da jaka ta kasa ɗauka, ciki ya ɗauka.
Muka zauna a inuwar tirela,
ni da direbobi huɗu masu harsuna uku,
muka cinye shi tas.
Mai kakin ma ya zo ya ɗebi nasa,
yana kallon wani wajen.

Na ukun ne ya fi ciwo,
don daga layin ina hango hayaƙin garinmu.
Awa shida. Fetur ya kusa ƙafewa.
Wata tsohuwa a gabana, da kaza a kwando,
za ta gaida 'yarta da ke bayan waya,
tafiyar da a da ake yi kafin ruwan shayi ya tafasa.
Ta ce, "Ba mu muka ƙaura ba, 'yata.
Muna barci aka zo aka ja layi."

Da dare na shimfiɗa taswirar a kan tabarma.
Na ɗauki biro zan sa alama uku
a kan jan layinsa.
Na daɗe riƙe da shi.

A tsakar gida injin yana hucewa,
ƙas, ƙas, ƙas,
kamar mai ƙirga abin da bai so ya manta.
Na mayar da murfin biron.